Gida a Kano, Mai Gida a Landan

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla burinsu shi ne su ƙetare teku neman ƙarin ilmi, wasu kuma aiki ne zai kai su. Al'adar da muka gani kuwa ita ce, da zarar mutum ya fara jin ɗumin aljihu a can, sai ya aiko a gina masa gida a Kano ko Kaduna, a zuba 'yan haya, ƙaninsa ya riƙa karɓar kuɗin. Madalla. Amma da an ambaci harajin wannan haya, sai ka ji an ce, "Ai ba na ƙasar."

Wannan magana ba ta da madogara a doka. Tun daga dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 har zuwa sabuwar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, hukuncin ɗaya ne: abin da aka samu daga gidan da ke Nijeriya, Nijeriya na da haƙƙi a kansa, ko da mai gidan yana bangon duniya. Gida dai ba ya shiga jirgi ya bi ubangijinsa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, idan kamfani ko ma'aikatar gwamnati ke haya, su da kansu suke cire kashi 10 cikin 100 su miƙa wa hukuma. To, malamin makaranta ko ɗan tireda da ya kama ɗaki biyu ba ya cire kome. Nan nauyin ya koma kan mai gida, watau ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Ƙanin nan da ke karɓar haya, galibi ko rasit ba ya bayarwa, balle a zo ga lissafi.

Wanda yake tsammanin ya yi dabara kuwa, ya sake tunani. Ingila tana karɓar haraji a kan abin da mazauninta ya samu ko'ina a duniya, kuma tun watan Afrilu na 2025 ta soke tsohon rangwamen da ya bar baƙi su ƙi biya muddin ba su shigo da kuɗin ba. Sababbin zuwa kaɗai aka ɗaga wa ƙafa na shekara 4. Akwai kuma yarjejeniya tsakaninta da Nijeriya tun 1987 don kada a tatsi mutum sau biyu: abin da ka biya a gida, za a rage maka shi a can, in ka nuna takarda. In babu takarda fa? Sai ka biya Turawa duka, ko kuwa ka ɓoye musu su ma, ka zama mai laifi a ƙasa biyu. Ashe kuɗin ba tsira zai yi ba, baitulmalin da zai shiga kawai mutum ke zaɓa. Na Saudiyya da Dubai, inda ba a yankar albashi, su ma hakan bai sauke musu na gida ba.

Na san amsar da za a ba ni: wa zai zuba ruwa a kwando? Gaskiya ne, kwatar unguwa a toshe take, famfo ya bushe, kuma ba wanda zai rantse cewa kowace naira ta isa inda aka nufa. Sai dai mu tuna, kafin Abubakar Rimi da Balarabe Musa su soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, manomi ya sayar da akuyarsa ya biya, makiyayi ya biya a kan kowace saniya, ba wanda ya tsaya jin ra'ayinsu game da yadda En'e ke kashe kuɗin. Da wannan gumi aka gina makarantun da suka yaye iyayen da yawa daga cikinmu. Yau ɗan haya mai albashi ana yanke nasa tun kafin ya taɓa hannunsa, alhali mai gidansa, wanda ya fi shi samu nesa ba kusa ba, yana can yana rubuce-rubuce a Facebook cewa ƙasa ta lalace.

Ranar da ya dawo zai sayar da gidan, ko ya nemi takardar mallakar wani fili, akawun ofishin ƙasa zai tambaye shi shaidar biyan haraji.