Tsakanin "Ya Yi" da "Wataƙila Ya Yi"

Kowace shekara, sa'ad da muka zauna duba takardun 'yan ajin ƙarshe kafin jarrabawar WAEC, akwai wurin da jan biro yakan sha aiki. Mukan ba su jimla mai gurbi, mu ce su zaɓi ɗaya daga cikin "must have", "may have", "might have" da "could have". Da yawa sukan rufe ido su canki ɗaya. A rubutun insha'i kuwa ba sa ko kusantar waɗannan kalmomi. Abin da suka gani da ido, da abin da suka ji a kasuwa, da abin da suka zata a zuci, duka sukan zuba su a tukunya ɗaya su ce "he did it". Mun ga ya kamata mu yi magana a kan wannan a mujallar bana, gama a ganinmu batun ya wuce neman maki.

Abin mamaki shi ne, a Hausa yaranmu ba sa yin wannan kuskure. A ce masunci ya sauka bakin ruwa a Yelwa da asuba, ya tarar kwale-kwalensa ba ya nan. In ya ce, "Wataƙila ruwa ne ya ja shi," kowa ya san zato yake yi. In ya ce, "Lalle wani ne ya kwance shi, ga igiya an yanke da wuƙa," mun san bai ga ɓarawo ba, amma yana da hujja a hannu. In kuwa ya ce, "Da na ɗaure shi da sarƙa, da bai tafi ba," yana maganar abin da ya iya faruwa ne amma bai faru ba. Ko ɗan firamare ya san bambancin waɗannan uku. Turanci ma yana da matakan nan, sai dai ya ɗora su a kan 'yan ƙananan kalmomi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Za ka ɗauki must, may, might, could ko can't, ka bi ta da have, sa'an nan ka kawo siffa ta uku ta aikatau, wato gone daga go, went, gone, ko taken daga take, took, taken. Saboda haka "he might have went" kuskure ne, "he might have gone" ne daidai. "Must have" shi ne "lalle ya yi", mai magana yana da hujja mai ƙarfi ko da bai gani ba. "May have" da "might have" su ne "wataƙila ya yi". Kishiyar "must have" kuwa ita ce "can't have", wato "ba ya yiwuwa a ce ya yi". "Could have" yana da fuska biyu: wani lokaci zato ne kamar "might have", wani lokaci kuma yana nufin an sami dama amma ba a yi ba. "Should have" shi ne na da-na-sani, da na ɗora laifi.

Ba sai mun je Ingila neman misali ba, gama kogin da ke bayan gidanmu ya ishe mu. A watan Nuwamba na 1805, Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotilan, ya taso daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin ruwa tare da 'yan mutane kaɗan da suka rage masa, yana so ya ga inda Kwara ta ƙare. Da suka iso ƙasar Yauri, jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, domin nan yarjejeniyarsu ta tsaya. Park ya ci gaba, ya mutu a duwatsun Busa a 1806. Labarin ya fito ne daga bakin Amadi, wanda wani tsohon jagoran Park mai suna Isaaco ya nemo a 1810. Amadi ya ce kyautar da Park ya bari domin sarki ba ta kai hannun sarki ba, aka yi fushi, aka tare jirgin a Busa, Park ya faɗa ruwa. Amma shi Amadin da kansa ya ce a tsare yake a Yauri a lokacin, daga baya ne ya ji labari a bakin wani bawa da ya tsira. Clapperton ya zo Busa a 1826 yana tambaya. Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Yauri a 1830 suna neman takardun Park, ba su sami littafin da ya rubuta labarin ƙarshen tafiyarsa ba. Wurin da abin ya faru kuwa yanzu yana ƙarƙashin Tafkin Kainji, tun da aka gama madatsar a 1968.

To, ɗalibin da aka ce ya rubuta wannan labari da Turanci, yaya zai yi? Zai iya cewa "Park died at Bussa" kai tsaye, gama wannan ya tabbata. Game da Amadi zai ce "he can't have seen it", tun da yana Yauri. Game da dalilin faɗan, jihadi ya soma a ƙasar Hausa tun 1804, mutane suna cikin tsoro, saboda haka yana iya cewa "the people may have taken them for enemies", amma ba shi da izinin cire "may have" ɗin nan. In kuwa ya rubuta "Park might have reached the sea if he had passed Bussa", ya shiga maganar "da ... da", domin mun san bai kai teku ba, su Lander ne suka kai a ƙarshen 1830. A nan ne "may have" da "might have" suke rabuwa. In an riga an san abu bai faru ba, "might have" ko "could have" ake sawa. "May have" na abin da har yanzu ƙofarsa take buɗe ne. Ɗalibin da ya iya jera jimlolin nan huɗu daidai ya koyi Turanci, ya kuma koyi tarihi irin na gaskiya.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da mu, ya kuma fi ciwo. A watan Mayu na 2021, jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya nutse da mutane fiye da 100. Kafin a gama tsamo gawawwaki, kowa ya zama alƙali. Wani ya ce lodi ne ya yi yawa, wani ya ce jirgin ya tsufa, wani ya ce ya bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa. Kowanne cikin waɗannan yana iya zama gaskiya, wataƙila ma sun haɗu ne. Amma wanda yake Shanga ko Yelwa a ranar, bakin abin da ya cancanta ya faɗa shi ne "it may have struck something". Jimlar da muke so yaranmu su riƙe daga wannan masifa ita ce, "many could have been saved if they had worn life jackets": da akwai rigunan ceto, da an tsira da rayuka da yawa. Irin wannan jimla ba ta ta da matattu, amma tana iya sa mai jirgi ya ƙirga fasinjansa gobe.

Mun san akwai masu cewa yawan "wataƙila" alamar tsoro ce, mai ilimi ya kamata ya yanke magana. Wasu iyaye ma sukan ji daɗi in ɗansu yana zuba Turanci babu inda-inda. Ba mu yarda da wannan ra'ayi ba. Likitan da ya ce "wataƙila zazzaɓin sauro ne, bari mu gwada jini" ya fi wanda ya rantse tun daga bakin ƙofa. Yanke magana yana da kyau inda akwai sani. Inda babu, ƙarya ce aka sa mata babbar riga. A ɗakin kwanan ɗalibai mun sha ganin haka. Kuɗin wani ya ɓace, wani ya ce "wataƙila wane ne, na ga ya shiga ɗakin". Kafin ƙararrawar abincin dare, "wataƙila" ta faɗi a hanya, saura "wane ne ya ɗauka". Bayan kwana biyu sai a tsinci kuɗin a aljihun wandon mai shi, amma sunan ɓarawo ya riga ya manne wa yaron da bai ji ba bai gani ba. Magana zarar bunu ce.

Sai dai mu ja kunne ta ɗaya gefen kuma. "Might have" ba mafakar mai tsegumi ba ce. Wanda ya ɓata sunan ɗan'uwansa, sa'an nan ya ce "ai wataƙila kawai na ce", bai kuɓuta ba. Kowane "wataƙila" yana bukatar dalili, kowane "lalle" yana bukatar hujja. In ba ka da ko ɗaya, shiru ya fi.

Saboda haka ga roƙonmu. Malamai 'yan'uwanmu, kada mu bar wannan darasi ga malamin Turanci shi kaɗai. Malamin tarihi da na kimiyya su riƙa tambayar ɗalibi, "Ka gani ne, ko an gaya maka, ko zato kake yi?" Iyaye, in yaro ya kawo labari gida, ku yi masa wannan tambaya kafin ku ɗauka. Ku kuma da za ku fita bana, a ɗakin jarrabawa ku nemi hujjar da ke cikin jimla kafin ku cika gurbi. In an ce ƙasa a jiƙe take, "it must have rained". In ba a ba ku alamar kome ba, "it may have rained". Wata rana wani cikinku zai zama ɗan sanda, ko nas, ko magatakardan kotu, ko ɗan jarida, rahotonsa kuma zai iya ɗaure mutum ko ya sake shi. Muna fata a ranar zai tsaya ya auna kalmar da zai sa a gaban "have".