A yi haƙuri, zan yi magana kan mayonis ɗin da muke haɗawa a hostel

Na san wasu za su ji haushina, amma gara haushin da a sake kwana a asibiti.

Duk wanda ya zo walimar tarbar sababbin ɗalibanmu a zangon da ya wuce ya san abin da ya biyo baya. Shinkafa lafiya, kaza lafiya, zoɓo har ana santi. Washegari kuwa rabin 'yan ɗakinmu layin banɗaki suke bi. Wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya sai da aka yi mata ƙarin ruwa, ta rasa gwajin da za ta rubuta ranar Litinin. Aka ce kabeji ne, aka ce ruwan Ibadan ne bai karɓe su ba. Ni dai ina cikin masu girkin, kuma mayonis ɗin nake zargi, wanda muka haɗa da hannunmu saboda kuɗin gudummawa bai isa sayen kwalaben Bama ba.

Ban ce a daina haɗawa ba fa. Na gida in an yi shi daidai ya fi na kanti daɗi nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, a tukunyar miya ana iya yin arha a wuce lafiya, don wuta na rufa asiri. Mayonis ba ya hawa wuta. Abin da kika zuba, shi mutane za su haɗiye ɗanye.

Mu fara da ƙwai, don nan muka fi yin ganganci. Mun sayi masu tsagewa, irin waɗanda ake warewa gefe a yi ragi. Wallahi na suya ne waɗannan, ba na mayonis ba. Ƙwayar cutar da ake kira Salmonella tana zama a jikin ɓawo, musamman mai kashin kaza, wani lokacin ma a cikin ƙwan kansa, kuma tsagewar nan ƙofa ce a buɗe. Ki zaɓi mai tsabta marar tsaga, ki jefa shi a kofin ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta, tsoho yana tasowa sama. Amma kada a ruɗu, gwajin ruwa tsufa kawai yake nunawa, ba ya ganin cuta. Shi ya sa mai juna biyu, kuma muna da matan aure da yawa a cikinmu, bai kamata a miƙa mata na ɗanyen ƙwai ba ko da daga gona aka ɗauko shi yau.

Sai mai. Kusan kashi 3 cikin 4 na mayonis mai ne, gwaiduwa ɗaya tana iya ɗaukar kusan kofi guda in ana ɗigawa a hankali ana bugawa. To ina amfanin sabon ƙwai a cikin man da aka auno a gorar ruwa, ba a san asalinsa ba? Da yawansa tataccen manja ne, da ya ji sanyin firij sai ya yi barci, haɗin ya tsinke. Man ƙulin da Umma ke aiko mana kuwa, Allah ya saka mata, a miya ba shi da na biyu, amma a nan ƙamshinsa danne komai yake yi, ki ji kamar kina cin kwaɗo. Man waken suya na leda ko na jarka a rufe, mai lambar NAFDAC, shi ne daidai. Ki shinshina kafin ki zuba.

Tsami ma ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Farin khal, mai kashi 5 cikin 100 a jikin kwalba, ko lemon tsami, su ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Mu kuma ranar wata ta ɗanɗana ta ce ya yi tsami, muka rage khal muka ƙara suga. Kai jama'a.

Babban laifin dai lokaci ne. Ƙarfe 10 na safe muka cakuɗa shi da kabeji, babu wuta tun daren jiya, aka ci bayan magariba. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma ƙa'idar ita ce kada irin wannan haɗin ya wuce awa 2 a waje. Namu ya yi wajen 9 a zafin ɗaki.

Na san za a ce a gidanmu haka ake yi ba abin da ya taɓa faruwa, ko a ce ɗalibi ina ya ga kuɗin zaɓe. Na farkon, a gida mutum 6 ake yi wa a cinye nan take, ba taron mutane ba. Na biyun gaskiya ne, ni ma alawus ɗina ba ya kai ƙarshen wata. Amma akwai hanya mai sauƙi: a dafa ƙwan ya dahu sosai, a murje gwaiduwar da khal, gishiri, ɗan suga da madarar gwangwani, a ɗiga mai kaɗan. Kirim ɗin salak ke nan, ba ɗanyen ƙwai a ciki. Shi ma yana son sanyi, don haka sai baƙi sun zauna a zuba. Kabeji da karas ɗin kuma, da suka kwana a mota daga Jos, a ɓare a wanke da ruwa mai kyau a tsane su sarai, in ba haka ba kirim ɗin ruwa zai koma.

Abin da ya fi ci mini rai, mun gayyato ƙawayenmu Yarabawa da Ibo ranar, biyu daga cikinsu ma sun kwanta. Har yau in na ce ku zo ku ci tuwo sai su yi dariya su ce ba da salak ba dai ko.

'Yan kwamitin girki, taron shan ruwa na tafe. Shawarata a yi na dafaffen ƙwai, a haɗa bayan la'asar. Wadda za ta shiga Bodija sayayya ta yi mini magana mu tafi tare, ni zan zaɓi ƙwan.