Awon Cuta a Kan Takarda: Aikin da Ke Jiran Masanan Zuru

A cikin 2007 wani shehun malamin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Harvard a Amurka, George Whitesides, shi da almajiransa, suka nuna cewa guntuwar takarda wadda ba ta wuce kan sarki girma ba tana iya ɗauke wani sashe na aikin ɗakin gwaje-gwaje. Akan shata wa takardar 'yan hanyoyi, a ɗiga fitsari, ita da kanta ta tsotse shi ta kai shi inda aka shafa magani. Idan akwai sukari, sai launi ya sāke. Babu lantarki, babu inji. Daga baya suka ƙago irinta ta auna lafiyar hanta da ɗigon jini ɗaya.

Abin lura shi ne, mutumin nan ya riga ya yi suna, amma bai ga ƙasƙanci ba a neman abu mai araha.

To, ina aka fi bukatar wannan hali in ba ƙasar Zuru ba? Binciken da aka yi a 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yara 49 cikin ɗari a Jihar Kebbi, babu jihar da ta kai ta. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna kafin a ba da magani. Gaskiya ne akwai ɗan abin awon wannan zazzaɓi. Amma idan ya ce ba shi ba ne, ma'aikacin ɗakin shan magani a Ribah ko Mahuta me ya rage masa ban da kintace? Makiyayin da sammore ya kama wa sa, shi ma haka.

Kada a ce aikin Turawa ne kaɗai. A 2015 kamfanin Fyodor, na Dokta Eddy Agbo ɗan Nijeriya, ya fito da awon zazzaɓin cizon sauro ta fitsari.

Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, tana da ƙuruciyar zaɓar hanyarta. Lalle ne hukumominta su lissafa irin wannan aiki wajen ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa maƙalolin da malami ya buga. Sharaɗin farko kuwa, takardar ta jure zafin bazara a aljihun ma'aikaci, ba tare da firji ba.