Birin Wikki ba abokin wasanka ba ne

Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki da ke tsakiyar dajin Yankari zai gaya maka cewa ba agogo ne ke tashin mutum da safe ba, gwaggon biri ne. Sai ka ji ana tsalle a kan rufi, ana taɓa marikin ƙofa a ji ko a kulle take. Da muka je yawon buɗe ido na ƙarshen zango, tun a daren farko ma'aikata suka ja mana kunne: ku kulle ƙofa da taga, kar ku riƙe leda a fili, kar ku ba su abinci. Kafin azahar ta washegari 'yan ajinmu sun karya na ukun. Dalili? Hoto.

Ni dai a ganina wannan ba burgewa ba ce, cutarwa ce, kuma mu ɗalibai muna cikin masu yin ta. Birin da ka miƙa wa biskit yau ya koyi darasi guda: hannun ɗan Adam rumbu ne. Gobe ba zai jira a miƙa masa ba. A gabana wani ƙaton namiji ya fizge jakar wata 'yar ajinmu a hanyar gangarawa ruwan ɗumi, ya buɗe ta tsaf kamar mai binciken kaya a bakin get, ya ɗauki burodi ya watsar da sauran. Kowa na dariya, ita kuwa jikinta rawa yake. Wanda ya taɓa ganin fiƙar gwaggon biri a kusa ya san ba abin dariya ba ne. Da yaro ne ke riƙe da jakar fa?

Wani zai ce ai birran sun riga sun lalace, biskit ɗaya me zai ƙara? To, haka kowace mota ke faɗa. Tun 1962 aka buɗe Yankari ga baƙi, ka lissafa biskit ɗaya-ɗaya na waɗannan shekaru. Mu kwana biyu za mu yi mu hau bas. Ma'aikatan da ke zaune a wurin su ake bari da dabbar da ta daina tsoron mutum.

Abin haushin ma, masu bin biri da waya sun rasa abin da ya fi daɗi. Da yamma na zauna shiru a bakin ɗaki, sai ga gadu da 'ya'yanta suna kiwo a durƙushe, ba su ko kalle ni ba. Ruwan Wikki kuwa garai-garai, ɗuminsa digiri 31 ko da dare ne. Da muka fita da mota wajen kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa da rani, mun ga gwanki da gwambaza. Giwa kam sawunta kawai muka samu da kashinta, kuma wallahi hakan ma ya sa na ji tsigar jikina ta tashi.

Don haka ina roƙon ƙungiyar ɗalibai da shugabannin sassa: kafin bas ɗin baɗi ya tashi zuwa Alkaleri, a karanta wa kowa dokar nan, a kuma ce duk wanda aka kama yana ba biri abinci ba zai fita kallon namun daji ba, a sansani zai wuni yana gadin jakunkuna.