Mataccen kifi mai "tunani": Yadda shinge ke sauya sakamakon binciken ƙwaƙwalwa

Da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da labari a wayarka cewa masana sun gano sashen ƙwaƙwalwa da ke haddasa tsoro ko soyayya ba. Hoton kusan iri ɗaya ne: ƙwaƙwalwa mai launin toka da jan ɗigo a wani gefe.

Wannan launi ba kyamara ce ta ɗauko shi ba, lissafi ne ya samar da shi. Shi kuma lissafin ya dogara ne da faɗin wurin da aka leƙa.

Inda matsalar take

Na'urar fMRI tana bibiyar sauyin iskar oksijin a jinin ƙwaƙwalwa. Kwamfuta kan raba hoton zuwa ƙananan akwatuna da ake kira boksel, kowanne mai faɗin milimita 2 zuwa 3, sannan a yi wa kowanne gwajin ƙididdiga.

Idan aka amince da kuskuren kashi 5 cikin 100, aka gwada akwatuna 100,000, kusan 5,000 za su "haska" ko da babu abin da ke faruwa.

A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa a Amurka suka nuna haka a aikace. Sun saka mataccen kifin salmon cikin na'urar, suka nuna masa hotunan mutane. Akwatuna 16 cikin 8,064 suka haska, tamkar kifin na nazari. Da aka gyara lissafin domin la'akari da yawan gwajin, hasken ya ɓace.

Amfanin shinge

Gyaran yana da tsada: yawan akwatuna na tsaurara ma'auni, har sakamako na gaskiya ya kasa tsallakewa.

Shi ya sa ake kafa shinge, wato taswirar da ke gaya wa kwamfuta akwatunan da za ta lissafa da waɗanda za ta bari. Wani shingen yana cire ƙoƙon kai da sararin da ke kewaye da shi. Wani kuwa yana taƙaita bincike ga sashe ɗaya, kamar amigdala mai alaƙa da tsoro. Gwaji ya ragu, ma'auni ya sassauta, ƙaramin sauyi ya fito.

Wannan halastacciyar dabara ce, kuma manhajojin SPM na Landan, FSL na Oksfod da AFNI na Amurka duk suna ba da damarta.

Inda ake zamewa

Tambayar ita ce yaushe aka zana shingen. Idan mai bincike ya fara duba sakamako, ya ga inda ya ɗan haska, sannan ya kewaye wurin, ya zama maharbin da ya saki kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta cake. A 2009 Nikolaus Kriegeskorte da abokansa sun yi gargaɗi a mujallar Nature Neuroscience kan amfani da bayanai guda wajen zaɓen wuri da kuma gwada shi.

Ko shingen gaskiya ma yana da illa: duk abin da ke wajensa ba za a gan shi ba.

A 2020 mujallar Nature ta wallafa aikin da ya ba tawagogi 70 bayanai iri ɗaya domin gwada hasashe 9. Ba a samu biyu da suka bi hanya ɗaya sak ba, kuma amsoshinsu sun saɓa a hasashe da dama. Shinge ɗaya ne cikin irin waɗannan zaɓuɓɓuka.

Me ya kamata a yi?

Binciken cutar damuwa da na mantuwa na jingina da irin waɗannan hotuna, don haka sakamakon bogi na iya jawo asarar kuɗi da shekaru. Masana na neman a rubuta shingen a fili kafin a tattara bayanai, a ɗauko shi daga sanannen taswirar ƙwaƙwalwa ko daga wani rukunin mutane daban, a kuma nuna sakamakon ƙwaƙwalwa baki ɗaya.

Idan ka sake ganin jan ɗigon nan, tambayi mutum nawa aka gwada, ko wasu sun maimaita aikin, da kuma lokacin da aka kafa shingen.