Kiɗan Sanyi Ba Na Rago Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ku yi mini haƙuri in tayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanan baya ina ɗaki na kunna wani kiɗan jaz na Amurka mai suna Li'l Darlin', sai wani abokin karatuna ya leƙo, ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce wai wannan ai kiɗan barci ne, makaɗan sun gaji suke hutawa. Ban tanka masa ba a lokacin. To, yau ga amsata, shi da masu ra'ayi irin nasa, domin na lura suna da yawa.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Babbar ƙungiyar jaz takan ƙunshi mutum 16 ko 17: biyar masu saksofon, huɗu masu tirampet, huɗu masu turombon, sannan mai fiyano, da mai bas, da mai ganga, wani lokaci har da mai jita. In ana kiɗa mai sauri, kowa na iya ɓuya cikin hayaniya, kuskure ya wuce kafin kunne ya kama shi. Amma in bugu ɗaya ya ɗauki kusan sakan guda, ina maɓuya? Mutum 13 masu busa tilas su shiga tare, su riƙe sauti tare, su sake shi tare, kuma duk ƙasa-ƙasa, alhali kuwa duk wanda ya taɓa sa abin busa a baki ya san busa a hankali ita ce ke karkatar da sauti. Mai ganga ma sai ya ajiye sandunansa ya ɗauki burushin waya yana shafar fata.

Shi wannan Li'l Darlin' da aka raina, Neal Hefti ne ya tsara wa ƙungiyar Count Basie, aka ɗauke shi a faifai a 1957. Hefti ya nufa a yi shi da ɗan sauri, Basie ya ce a rage. Wannan ragewar ita ta mai da shi abin da ya zama, domin masu busa suna sauka ne ɗan bayan bugu kaɗan, ba tare da sun bari kiɗan ya faɗi ba.

Na yarda, akwai kiɗan sanyi mai sa hamma. Amma laifin na mai tsarawa ne, wanda ke jin tsoron shiru, ya cusa sauti a kowane gurbi don a ce ya yi karatu. Ku dubi Billy Strayhorn, abokin aikin Duke Ellington. Yana kwance asibiti da ciwon daji ya kammala Blood Count, ya rasu a watan Mayu na 1967, ƙungiyar ta ɗauki kiɗan a wannan shekarar. Strayhorn ya san wanda zai busa, wato Johnny Hodges, ya san yadda yake zamewa daga sauti zuwa sauti, saboda haka ya bar masa fili, sauran jama'a suka zama shimfiɗa, sai a wuri guda suka taso gaba ɗaya, suka sake lafawa. Haka Ellington yakan bar wa Harry Carney doguwar busa a ƙarshen Sophisticated Lady, yana shaƙar iska ta hanci busar ba ta yanke ba, dabarar da mu nan muka sani a bakin masu algaita. Wannan ne hutu?

Shi kuwa abokina, ga abin da nake roƙonsa. Ya dawo ɗakina mu sake kunna Li'l Darlin', ya riƙa tafi a kan kowane bugu tun daga farko har ƙarshe, ni kuma in riƙa ƙirga sau nawa hannunsa zai riga ƙungiyar Basie sauka.