Kwanon Shayin da Kaka Ya Tanadar wa Jika

 A wannan watan za mu leƙa birnin Kiyoto na ƙasar Japan, gidan wasu magina da ake kira Raku.

Sama da shekara 400 ke nan wannan gida yana gina kwanon shan shayi, tun daga kakansu Cojiro. A shekarar 2019 ne magini na 16 ya karɓi ragamar gidan daga hannun mahaifinsa. Ba sa amfani da injin juya yumɓu. Da tafin hannu ake murza kwanon, sannan a yi ta kankare shi har ya yi daidai da riƙon mutum. Baƙin kwanon kuwa, ɗaya-ɗaya ake gasa shi, a zaro shi daga wuta yana jajir. Shi ya sa ba za ki taɓa samun biyu iri ɗaya ba, kuma zafin shayi ba ya saurin ƙona hannu.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yumɓun. Wanda magini yake aiki da shi, magabatansa ne suka haƙo suka adana shekaru masu yawa. Shi ma yana tara wa jikokin da watakila ba zai gani ba.

To uwargida, ke fa? Wace sana'ar hannu kika gada wurin mahaifiyarki, kuma 'yarki ta iya ta? Ki fara koya mata tun yau.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.